Farin Bangon da Na Sa wa Suna

Ni mai rubutun allo ne. Ko in ce a da ni mai rubutun allo ne, don yanzu abin da na fi yi shi ne rubuta lamba a jikin keke mai ƙafa uku da shafa wa ƙofofin mutane fenti. A aji uku na sakandare na tsaya, ba don kaina ba ya ja ba, sai don mahaifinmu ya kwanta ciwo kuma ni ne babba. Ba kuka nake yi ba. Ina faɗa ne don a san inda karatuna ya tsaya, kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Wanda ya koya mini sana'a wani Bayarabe ne mai rumfa ta wajen Anguwan Rukuba, tun kafin rikicin Jos, lokacin da mutum zai taso daga Anguwan Rogo ya je can a ƙafa bai yi tunanin komai ba. Mugun mutum ne, kuma ba a yi gwani irinsa ba a garin nan. Da rular ƙarfe yake koyarwa, har yau yatsana na tsakiya a karkace yake. Doka biyu ya ba ni. Ta farko, ba ka sa sunanka a aiki sai mai aikin ya tsaya a gabansa ya ce da bakinsa ya yi. Ba matarsa ba, ba abokinsa ba, shi da kansa. Kafin ya faɗa, aikin naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Ta biyu, in ka sa suna ka gama da aikin nan ke nan har abada. Ko washegari ka ga harafi ya karkace, ba ka taɓa shi. Akwai ɗan ƙaramin buroshi mai siririn gashi da ba a yin komai da shi sai wannan. Sunanka da na ubanka, a kusurwar ƙasa ta dama, ƙanana, yadda sai wanda ya nema zai gani.

Akwai lokacin da in ka bi titi daga Ali Kazaure zuwa Anguwan Rogo kana duba kusurwar alluna, za ka gaji da karanta sunana. Teloli, masu aski, masu kemis, masu gyaran rediyo, har wani coci da ya ce hannuna yake so ko da ni ba nasu ba ne. Sai aka kawo injin da ke buga hoto a jikin faffaɗar leda, wadda suke kira fileks. Ka kai magana da safe, da rana a miƙo maka. Ɗaya bayan ɗaya aka sauke allunana. Na ƙarshe na wani tela ne, na gan shi an yi rufin akurkin kaji da shi, sunana a juye, kashin kaza a kan na mahaifina. Na tsaya na kalla, na wuce. Daga ranar babu inda sunana yake a duk faɗin Jos.

A haka autanmu ya same ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shekara goma sha huɗu tsakaninmu. Shi ya yi jami'a, ya je waje ya dawo, ya buɗe ofis a wani bene inda shi da ma'aikatansa suke rubuta manhajar waya. Wadda suke kai a lokacin ta haɗa manoman dankalin turawa da direbobin manyan motoci ce, manomi ya danna waya ya san wace mota ce za ta sauka kudu da wuri a cikinta. Ba ya zuwa wurina sai da salla. Ranar ya zo ba salla ba, ya tsaya a bakin rumfa yana tattare ƙafar wando.

Ya miƙo mini takarda. Akwatuna biyar ne a jere a zagaye, kibiya daga wannan zuwa wancan, ta ƙarshe ta koma ta farko. Tsarawa, ginawa, gwadawa, nunawa, gyarawa. Ya ce haka suke aiki, kuma yana so a zana shi a babban bangon ofis, don akwai manyan baƙi da za su zo nan da wata biyu, waɗanda in sun gamsu za su ɗauki aikin nasu zuwa wasu jihohi. Na tambaye shi me ya hana shi zuwa wurin masu leda. Ya ce irin waɗannan baƙin sun fi son aikin hannu, yana ba su sha'awa, abin gargajiya ne. Wato ina da rai, haƙorana a bakina, na zama gargajiya. Na so in mayar masa da takardarsa. Amma bango ne mai tsawon taku goma sha biyu, a cikin ɗaki, inda ruwa da rana ba za su ci shi ba, kuma babu wanda zai yi rufin kaji da bango. Na ga kusurwar ƙasa ta dama tun ban ga bangon ba. Na ce to.

Kwana uku na yi. Damina ce, ga sanyin Jos, fenti ba ya bushewa da wuri, amma na gama ranar Laraba da yamma, na wanke hannu, na sa ɗan ƙaramin buroshin a aljihun gaba. Ranar Alhamis suka taru. Ashe duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, suke duba abin da aka yi, kuma a tsaye, wai in an zauna magana tana tsawo. Su tara ne. Suka yi rabin da'ira a gaban aikina, kowa riƙe da 'yan takardu masu launi masu gam a baya. Na ɗauka yabo za su rubuta su ba ni. Sai na ga sun matso suna manna su a kan fenti. A kan fentin da ya kwana ɗaya. Wani ya rubuta kibiyoyin sun yi kauri. Wata ta rubuta shuɗin yana kashe jiki. Wani mai gilashi, wanda ko layi madaidaici ba zai iya ja ba in ka ɗauke masa kwamfuta, ya rubuta haruffan sun yi kama da na motar haya. Da aka ɓare takardun, kowacce ta tafi da ɗan fatar fenti.

Autanmu ya gabatar da ni a matsayin mai fentin da aka samo. A gida Yaya yake ce mini. A nan ya ce, “Malam, ka ji abin da suka ce. Nan da mako biyu mu ga wani.”

Malam. Na tattara kayana. Na ɗauka kunya ce irin ta wurin aiki.

Na sake. Na rage kibiyoyi, na mai da shuɗi kore. Alhamis ta biyu suka ce koren ya yi kama da na asibiti, kuma yanzu kibiyoyin ba sa ganuwa daga bakin ƙofa. Na sake. Alhamis ta uku wadda ta ce shuɗi yana kashe jiki ita ce ta ce a dawo da shuɗin. Mako shida ina hawa tsani ina sauka, buroshin yana aljihuna har ya huda shi. Bangon ya yi kauri da fenti, in ka danna farce sai ya shige. Ba maganar biya nake yi ba, yana biya. Maganar ita ce babu wanda ya taɓa cewa ya yi. Sai dai su ce ya fi na da. Na fara zargin mutanen nan ba su san kalmar ba.

A cikinsu akwai mace ɗaya da ba ta taɓa manna takarda a kan fentina ba, a gefen taga take manna tata. Ita ce shugabar masu rubuta manhajar, 'yar asalin nan Filato, daga Anguwan Rukuba take zuwa. Hausarta irin ta titi ce, komai namiji ne a bakinta. Baba take ce mini. Tun makon farko ta dubi kunnuwana ta dubi na ogansu ta yi murmushin wadda ta gane. Ita take kawo mini shayi in sanyi ya kama mini yatsu, ita kuma ta ba ni makullin ofis don in riƙa shigowa da sassafe kafin su cika wurin da surutu.

Wata safiya na tambaye ta, tsakani da Allah, wannan zagaye-zagayen na mene ne. Ta ce a da mutum zai rufe ƙofa wata shida yana gina abu, ya kai wa mai shi, mai shi ya ce ba haka yake so ba, wata shida sun tafi a banza. Shi ya sa yanzu suke gina ɗan kaɗan, su gwada, su kai wa manomi ya taɓa da hannunsa, ya faɗi inda bai gane ba, su dawo su gyara, su ƙara wani ɗan kaɗan. Na ce wannan ai aikin telan da bai iya awo ba ne. Ta ce a'a, tela mai hankali shi ne yake kiranka ka sa rigar kafin ya ɗinke wuya. Gaskiya ta faɗa, kuma ban ji daɗi ba.

Na sauko daga tsani na nuna mata kibiyar ƙarshe. Na ce ga ta nan, daga gyarawa ta koma tsarawa, daidai inda aka tashi. To me aka gina? Ta ce ai ba daidai wurin ake komawa ba, kowane zagaye abin ya fi girma. Na ce to zanen nan ƙarya yake yi, don ni abin da nake gani mutum ne yake bin wutsiyar kansa. Na ce kuma manomin da kike ta ambata, ina yake a nan? Ta dubi bangon ta daɗe.

“Baba, shekara huɗu ina nuna ma mutane wannan hoto,” ta ce. “Ban taɓa gani ba cewa manomi ba ya ciki.”

Da na koma gida na zauna cin tuwo, matata ta ɗauke faifan da ta rufe kwano da shi ta ajiye a gefena. Tsohon faifai ne, mahaifiyarmu ce ta ɗinka shi kafin ta rasu, bakinsa ya fara warwarewa. Sau dubu na gan shi. Ranar na ɗauka na sa yatsa a cibiyarsa na bi layin. Daga ɗan ƙulli yake farawa, ya zaga, ya dawo ta inda ya taso amma bai taka wurin ba, ya wuce ta bayansa, ya fi faɗi. Kowane zagaye yana bi ta cikin ja, ya bi ta baƙi, ya bi ta fari, launukan suna nan a wurarensu, faifan ne yake girma. Kuma tun yana kamar tafin hannu zai iya rufe moɗa. Ba sai ya kai girman rufe ƙwarya ba kafin ya fara amfani. Tuwon ya huce ban ci ba.

Autanmu ya yi tafiya a makon, saura kwana goma sha biyu baƙi su zo. Ban nemi izinin kowa ba, aikin da ba a sa wa suna ba na mai buroshi ne. Na kankare bangon har siminti, na yi masa sabon fari. Na kafa gwangwanin madara da ƙusa a tsakiya, na naɗe masa igiya, na ɗaura alli a bakinta. In kana zagayawa kana warware igiyar, allin yana matsawa waje da kansa, tazara ɗaya ba ƙari ba ragi. Ogana ne ya koya mini, shi kuma don zana kan maciji a allon wani mai magani ya yi amfani da ita. Ma'aikatan suka bar kwamfutocinsu suka zo kallo. Mai gilashin ya tambaya da wace manhaja na lissafa tazarar. Na nuna masa gwangwani.

Na raba bangon gida biyar daga cibiya, kamar yadda ake yanka kankana, kowane gida da launinsa da sunansa sau ɗaya a can baki. Layin ya taso siriri daga tsakiya, ya ratsa gidajen biyar, ya sake ratsa su ya ƙara kauri, har zagaye huɗu. A gefen gidan nunawa na zana mace tsaye, buhun dankali a ƙafarta, waya a hannunta, zani ɗaure a ƙugu irin na matan da ke sauko da kaya daga ƙauyukan kan dutse. Daga kowane zagaye na ja 'yar kibiya zuwa hannunta, na ja wata daga bakinta ta dawo cikin gidan gyarawa. Bakin layin na waje ban rufe shi ba, na bar shi ya fita da kan kibiya yana duban sama. Kwana biyar na yi. Ban taɓa yin aiki irinsa ba, kuma na san ba zan ƙara ba, don ido ya fara yi mini hazo in na daɗe a kan abu ƙarami.

Alhamis ta zo, autanmu ya dawo. Suka tsaya da takardunsu a hannu. Babu wanda ya matso. Na ji wani ya mai da nasa aljihu.

“Baba, wannan ya yi,” in ji matar nan.

Na gode mata a raina, amma ba ita ce mai bango ba. Na juya wajen ƙanena, hannuna a kan aljihu. Ya gane faifan, a idonsa na gani. Ya san dokar kuma, a ɗaki ɗaya muka tashi, ya sha jin ina zagin ogana a kanta. Ya ciro waya ya ja da baya ya ɗauki hoton bangon, sau uku, a natse. Sannan ya ce yana da kyau ƙwarai, a bar shi haka tukuna a gani. Ya shige ofishinsa.

Na bi shi na rufe ƙofa. Na ce Auta, kalma biyu nake jira. Ya ce, “Yaya, ai kai ka zana da hannunka. A nan ba ma cewa an gama.” Na ce ba bangon na tambaya ba, kai na tambaya. Ya juya biro a hannu ya juya. Daga ƙarshe ya ce sunan da zan rubuta rabinsa nasa ne. Yana jikin katinsa, yana jikin ƙofar nan. Baƙin masu lura ne, za su duƙa su karanta, su tambaya, shi kuma ba ya so ya ɓata lokacin da aka ba shi yana bayanin dangi. Ya ce in sa wata 'yar alama mana, tauraro ko tsuntsu, ko sunana shi kaɗai ban da na Baba. Na ce Baba bai yi mini laifin da zan yanke shi ba. Ya ce to a bari baƙi su tafi, a sake magana. Na san irin wannan sake maganar. Bayan baƙi akwai wasu baƙin.

Ko a nan da na haƙura. Na saba. Abin da ya ƙarasa ni ranar jajibirin zuwan nasu ya faru. Ina durƙushe ina gyara fentin gindin bango inda masu shara suka goge, shi kuma ya tara ma'aikata yana gwada jawabin da zai yi gobe. Ya tsaya a gaban zanen, takalminsa kusa da gwangwanin fentina. Ya ce da can da'ira suke amfani da ita kamar kowa, sai wata rana ya tuna yana yaro yana zaune a gefen mahaifiyarsa tana ɗinkin faifai, ya ga yadda yake girma daga ɗan ƙulli, a nan tunanin ya zo masa. Har da tsayawa ya haɗiyi yawu a daidai wurin mahaifiyar. Yaron da bai taɓa zama minti biyar a gefenta ba, kullum yana makaranta ko wurin ƙwallo. Ni nake zuwa sayo mata kaba, ni nake jiƙa ta, ni nake zura mata zare a allura da idonta ya raunana. Duk waɗanda ke tsaye a wurin sun gan ni da gwangwanin madara. Suka tafa masa. Mai gilashin ya ce a ƙara jan wurin mahaifiyar, zai taɓa zuciya. Matar nan ita kaɗai ba ta tafa ba, ƙasa take kallo. Shi ko ƙasan bai kalla ba, inda nake.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗauki bokitin farin fenti da abin birgimar shafa fenti na tari keke. Makullin yana hannuna. Gari ya fara haske, ana yayyafi. Na buɗe tagogi, na shimfiɗa jarida a ƙasa don kada in ɓata musu tayil, ni ba ƙazamin ma'aikaci ba ne. Daga fuskar mai dankalin na fara, don ita ce ta fi ba ni wahala, kwana guda na yi a kan idanunta. Shafa ɗaya ta tafi. Na bi zagayen daga waje zuwa ciki. Na jira ya sha iska na ƙara shafi na biyu, don ja yana da taurin kai, yana leƙowa ta ƙarƙashin fari. Zan yi ƙarya in na ce ban ji daɗi ba. Na kife bokiti na zauna a kai, na kwance ƙosan da na saya a hanya ina ci.

Matar nan ce ta fara shigowa, da lema a hannu. Ta tsaya. Ta ajiye jaka a hankali kamar akwai ƙwai a ciki, ta nemi kujera ba ta samu ba, ta zauna a ƙasa.

“Baba, me na yi maka?”

Na ce mata an koma tsarawa, ba haka kuka koya mini ba? Na miƙa mata ƙosai. Wannan maganar ita ce ba na son tunawa, amma na faɗe ta, kuma da murmushi na faɗe ta.

Sauran suka shigo ɗaya ɗaya suna tsayawa a bakin ƙofa. Autanmu ya zo ƙarshe, cikin sabuwar shadda mai ruwan toka. Na shirya wa ihu, na shirya wa zagi, na ma tanadi abin da zan ce in ya ɗaga hannu. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dubi bangon, ya dubi agogo. Ya tambaya wa ya ba ni makulli. Matar nan ta ɗaga hannu. Ya gyaɗa kai. Ya ciro waya ya kira wani, na ji yana faɗin taku goma sha biyu, yana cewa ya turo hoto yanzu, kafin azahar yake so. Hoton da ya ɗauka sau uku. Ko kusa ban tuna da shi ba. Ni da nake ganin na fi su wayo, na manta a wane zamani nake.

Sai ya ce kowa ya matso, a tsaya kamar ranar Alhamis. Suka yi rabin da'irarsu a gaban farin bango, ni ina tsakiya a kan bokiti da mai a yatsu. Ya dafa kafaɗata. Ya ce musu wannan yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya bar makaranta don shi ya yi. Ya faɗe shi a sarari, ba gaggawa, yadda na yi wata biyu ina so in ji. Sannan ya ja da baya, ya harɗe hannu, ya ƙare wa bangon kallo daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar mai duba aiki da gaske.

“Yaya, na duba,” ya ce. “Ya yi. Sa sunanka.”

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Zan iya tashi in fita, ƙofa a buɗe take. Amma mai aiki ya tsaya a gaban aiki ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, kuma ban taɓa karya dokar nan ba ko lokacin da babu mai gani. In na fita, ya tabbata ke nan dokar ba komai ba ce, fushi ne kawai na tsoho. Na ciro buroshin. Na buɗe ƙaramin gwangwanin baƙi. Na durƙusa a kusurwar ƙasa ta dama, fentin bai gama bushewa ba, sai da na riƙe numfashi don kada baƙin ya naso. Na rubuta sunana, na rubuta na mahaifinmu. Haruffan sun fita tsaf. Shi ya fara tafi, shi kaɗai, sau uku ko huɗu.

Kafin azahar aka kawo ledar a naɗe a saman keke. Ina tattara jaridu suka buga ta da ƙusoshi daga sama har ƙasa. Launinta ya fi nawa haske. Fuskar mai dankalin ta ɗan dushe, 'yar kibiyar da ke fita daga bakinta ta kusa ɓacewa, amma sai wanda ya zana zai lura. A kusurwar ƙasa ta dama, daidai kan sunana, an buga sunan kamfanin. Na ji baƙin sun yaba ƙwarai, sun ɗauki hoto a gabanta, wata a cikinsu har ta share hawaye a wurin mahaifiyar.

Matar nan ba ta kai ƙarshen wata a wurin ba. Maganar makulli aka kafa mata. Na gan ta sau ɗaya bayan nan, tana jiran keke a bakin titin Anguwan Rukuba da kwamfutarta a jaka. Na gaishe ta. Ta amsa yadda ake amsa wa wanda ya tambayi hanya, ba ta ce Baba ba. Keken da ya tsaya da wuri biyu a ciki, ta ce ya wuce, za ta jira wani.

Da babbar salla ya zo gidana kamar kullum, da cinyar rago a leda. Muna zaune a tabarma, yaranmu suna wasa a tsakar gida, ya ce bangon yana tsattsafo da danshi, ledar ta fara kumbura, ta yi baƙi-baƙi ta ƙasa. Ya ce ko zan zo in cire ta in mayar da na asalin, tunda ni na san yadda ake yi da gwangwani. Na dube shi. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, tun yana yaro haka yake in ya yi ɓarna. Har yau ban sani ba ko roƙona yake yi ko so yake ya ji na faɗa da bakina.

Na ce na sa suna.

Ya ce haka ne, ya manta. Matata ta kawo tuwo ta ɗauke faifan daga kan kwano, ya karɓa daga hannunta yana jujjuya shi, ya ce bakinsa ya lalace, ya kamata a saya mini sabo. Na ce ya ajiye shi ya ci abinci.